Zaman Zulumi a Bariki: Lafiyar Ƙwaƙwalwar Iyalan Sojoji da Jita-jitar Haƙƙoƙi

Hausawa kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Galibi akan kawo wannan karin magana ne domin a zaburar da ɗalibi ya nemi ilimi, amma masana halayyar ɗan'adam sun gano cewa tana da wata ma'ana ta zahiri, wato zaman rashin sanin abin da zai faru yana gajiyar da jiki da ƙwaƙwalwa, wani lokaci ma fiye da mugun labarin da aka riga aka tabbatar. Babu inda ake ganin haka a fili kamar gidan sojan da aka tura fagen daga.

Alal misali, ranar 18 ga watan Nuwamba na shekarar 2018 mayaƙan ISWAP suka kai hari kan sansanin sojojin Nijeriya da ke Metele a arewacin Jihar Barno. Sai bayan kwana goma hukumar soja ta ba da adadi, ta ce sojoji 23 ne suka rasu, 31 suka sami raunuka. Kafin nan kuwa kafofin labarai sun yi ta kawo alƙaluma daban-daban, wasu har sun haura ɗari. Mai karatu ya ƙiyasta yadda waɗannan kwanaki goma suka kasance ga matar da mijinta yake wannan sansani. Tambaya biyu ce ke cin ranta, kuma ba ta da amsar ko ɗaya: shin yana raye? In kuwa ya rasu, me zai faru da gidan da take ciki, da karatun yara, da abin sakawa a bakin salati? Duk wanda ya zo da amsa, ko ta gaskiya ko ta ƙarya, za ta saurare shi.

Abin da yaƙi ke yi wa ƙwaƙwalwa

A can cikin ƙwaƙwalwa, ta kowane ɓangare, akwai wani ɗan ƙullutu wanda bai wuce girman ƙwayar gyaɗa sosai ba, ana kiransa amigidala. Aikinsa irin na mai gadi ne. Da zarar ido ko kunne ya kawo alamar haɗari, sai ya tayar da jiki: a saki sinadarin adiranalin da na kotisol cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jijiyoyi su ɗaure, mutum ya shirya faɗa ko gudu. Wannan baiwa ce, domin ita ke sa mutum ya yi tsalle kafin ya gama tantance cewa abin da ya taka maciji ne. Idan haɗari ya wuce, sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke kula da tunani da auna al'amura, yakan kwantar da mai gadin, wani sashe kuma mai suna hifokamfus ya adana abin da ya faru a matsayin labarin da ya riga ya wuce.

Ga wasu mutane da suka ga tashin hankali mai tsanani, wannan kwantarwa ba ta kammala. Mai gadin yakan kasance a tsaye dare da rana. Ƙarar salansar babur ko faɗuwar kwano a madafi sai ta mayar da mutum fagen fama kamar yanzu abin yake faruwa. Yakan yi mugayen mafarkai, barci ya ƙaurace masa, ya riƙa guje wa duk abin da zai tuna masa, ya zama mai saurin fushi ko kuma ya yi shiru kamar ba ya gidan. Idan waɗannan alamu suka wuce wata guda kuma suna hana shi harkokinsa, likitoci kan kira yanayin ciwon firgici bayan tashin hankali, wanda suke taƙaita sunansa da PTSD.

Ciwon ya daɗe kafin ya sami suna. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likitan Ingila mai suna Charles Myers ya yi rubutu a kan sojojin da ke karkarwa ko su kasa magana ba tare da wani rauni a jikinsu ba, kuma da farko an zaci girgizar bama-bamai ce ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wasu hafsoshi kuwa ragwanci kawai suka ɗauke shi. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi kundinta na cututtuka. Wani babban bincike da aka kammala a Amurka a 1988 ya nuna cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na mazan da suka yi yaƙin Biyetnam suna fama da ciwon a lokacin binciken, fiye da shekara goma bayan an daina harbi. Wannan adadi yana da fuska biyu. Ya nuna ciwon ba ƙaramin abu ba ne, ya kuma nuna mafi yawan sojoji ba sa kamuwa da shi. Saboda haka kuskure ne a riƙa kallon duk wanda ya dawo daga daga a matsayin mai taɓin hankali.

Ciwon da ke bin soja har gida

Soja ba shi kaɗai yake ɗaukar wannan kaya ba. Zahava Solomon, wata masaniya a Jami'ar Tel Abib, ta bi diddigin matan sojojin Isra'ila da suka yi yaƙin Lebanon na 1982, ta tarar matan waɗanda yaƙin ya firgita sun fi sauran mata fama da damuwa da ciwace-ciwacen jiki, ko da yake su ba su taɓa jin ƙarar igwa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Matar da ke kwana kusa da mai zabura cikin dare ita ma ba ta barci. Takan koyi tafiya a hankali, ta hana yara wasa mai ƙara, ta riƙa karanta fuskar maigida kafin ta yi magana. A hankali nata mai gadin ma sai ya ƙi zama.

Tun kafin soja ya dawo ma, rashinsa kaɗai yana da tasiri. Wani bincike da aka buga a 2010 ya duba bayanan asibiti na matan sojojin Amurka fiye da 250,000, ya gano cewa waɗanda aka tura mazansu Iraƙi ko Afganistan sun fi zuwa asibiti da ciwon baƙin ciki mai tsanani, da fargaba, da rashin barci, kuma abin yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar mijin. A wannan shekara wani binciken ya nuna cewa kai yara 'yan shekara 3 zuwa 8 asibiti saboda matsalar ɗabi'a ko damuwa ya ƙaru da kashi 11 cikin ɗari a lokacin da mahaifi ko mahaifiya ke fagen daga.

Nijeriya ba baƙuwar wannan al'amari ba ce. Ta yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ta tura dakaru Laberiya daga 1990 da kuma Saliyo a ƙarƙashin rundunar ECOMOG, ga kuma yaƙi da Boko Haram tun daga 2009. A 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan wayar salula a Barno wata da watanni, iyalai da yawa suka zauna ba su jin ɗuriyar nasu. A watan Agusta na 2014 matan sojoji a barikin Giwa da ke Maiduguri suka tare ƙofa domin hana a tura mazansu Gwoza, suna cewa ba a ba su isassun makamai ba. A 2022 kuma, wajen aza harsashin cibiyar kula da sojoji masu ciwon firgici a Abuja, wadda ƙungiyar matan hafsoshin soja da 'yan sanda ta ɗauki nauyi, Hajiya A'isha Buhari ta bayyana cewa mijinta, Shugaba Muhammadu Buhari, ya daɗe yana fama da irin wannan ciwo bayan yaƙin basasa da tsarewar da aka yi masa, kuma ita ta zauna da abin tun tana ƙaramar amarya. Maganar ta jawo ce-ce-ku-ce, amma ta yi amfani guda: ta nuna ciwon ba ya duba yawan anini.

Jiki ba ya son "wataƙila"

A 2016 wasu masana a wata jami'a da ke Landan suka yi wani gwaji mai ban sha'awa. Sun sa mutane 45 yin wasa a kwamfuta, inda mutum zai riƙa ɗaga duwatsu. In ya tarar da maciji a ƙarƙashi, sai a ɗan ja shi da wutar lantarki a hannu. Suna auna zufar fata da buɗewar ƙwayar ido, waɗanda alamu ne na tashin hankali. Abin da suka gani shi ne, hankalin mutum ya fi tashi a lokacin da yiwuwar jan wutar take rabi da rabi. Wanda ya tabbata za a ja shi ya fi kwanciyar hankali a kan wanda bai sani ba.

Wata masaniyar zamantakewar iyali a Amurka, Pauline Boss, ta isa ga irin wannan fahimta ta wata hanya. A shekarun 1970 ta yi nazarin iyalan matuƙan jiragen yaƙi da suka ɓace a Biyetnam, ta sa wa halin da suke ciki suna, wato rashi marar tabbas. Wanda aka ga gawarsa akan yi masa sutura, a yi zaman makoki, mata su shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, a raba gado, rayuwa ta ci gaba ko da ɗaci. Wanda ya ɓace kuwa, matarsa ba ta zama bazawara ba, ba ta kuma zama mai miji ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da lura da wannan, shi ya sa littattafan Malikiyya suka keɓe babi a kan ɓatacce, inda aka ɗora wa alƙali nauyin bincike da yanke wa'adi. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ita ma ta tanadi cewa wanda aka shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba, kotu na iya ɗaukarsa a matsayin mamaci. Duk waɗannan ƙoƙari ne na sanya wa zulumi iyaka.

Gonar da jita-jita ke tsiro

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jita-jita ta addabi Amurka har wata jarida a birnin Boston ta buɗe fili na musamman a 1942 domin warware ta. Daga wannan aiki ne Gordon Allport da Leo Postman suka fitar da ƙa'idarsu a 1947: ƙarfin jita-jita daidai yake da muhimmancin magana sau duhun da ke tattare da ita. Ɗalibin lissafi zai lura cewa "sau" aka ce, ba "a tara" ba. In ɗayan biyun ya zama sifili, sakamakon sifili ne. Farashin raƙumi a wata ƙasa mai nisa yana da duhu ga mazaunin bariki, amma bai dame shi ba, don haka ba ya yaɗa komai a kai. Haƙƙin mamacin soja kuwa muhimmancinsa ya kai ƙarshe, kuma ba mai iya rage shi. Abin da ake iya ragewa shi ne duhun.

Masanan biyu sun kuma nuna yadda labari ke sauya kama daga baki zuwa baki: wasu bayanai su zube, wasu a kambama su, sauran a lanƙwasa su su dace da abin da mai ji yake fata ko yake tsoro. Ga misali. A watan Maris na 2024 aka kashe sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta, kuma wajen jana'izarsu Shugaba Bola Tinubu ya yi wa iyalansu alkawarin gidaje da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu har jami'a, ya kuma umarci a biya haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Labari ne na gaskiya, amma na iyalai 17 ne. In adadin ya zube a hanya, abin da zai isa kunnen wata bazawara a Gusau shi ne gwamnati na raba wa matan sojoji gidaje. Za ta ci bashin kuɗin mota ta tafi nema, ta dawo hannu rabbana, ta kuma ƙudurta cewa wani ne ya cinye nata.

Wayar zamani ta ƙara wa abin gudu. Tun 1977 gwaji ya nuna cewa maimaita magana kaɗai yana sa mutum ya fi gaskata ta, ko da ƙarya ce. Saƙon murya guda da ya shigo ta zaurukan WhatsApp huɗu yakan zama kamar shaidu huɗu, alhali bakin mutum ɗaya ne.

Wani nau'in labarin ƙarya kuma asalinsa gaskiya ce da ta tsufa. Dokar fansho ta 2004 ta sanya sojoji cikin tsarin da ake yankar wani kaso na albashi ana tarawa a asusun ma'aikaci. A 2011 aka gyara dokar aka fitar da su, kuma dokar 2014 ta tabbatar da haka. Fansho da garatutin soja suna hannun Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja. Maƙwabcin da ya yi aikin farar hula, ya ba bazawarar soja shawara da zuciya ɗaya bisa tsarin da ya sani, zai iya tura ta ofishin da ba shi da takardar mijinta ko ɗaya.

Babbar matsala ita ce ta gurbin da ake cikewa a takardar ɗaukar aiki, inda ake rubuta sunan ɗan'uwa mafi kusa. Saurayi yakan shiga soja yana kurtu, ba aure, ya rubuta sunan mahaifinsa ko wansa. Shekaru su wuce, ya yi aure, ya haihu, wataƙila ya ƙara ta biyu, amma takardar tana nan yadda take. Ranar da ta Allah ta kasance, hukuma wanda ke rubuce za ta nema. Daga nan sai fahimta iri biyu ta taso, kuma duka kuskure ne: wan ya ɗauka dukiyar tasa ce tun da sunansa ke takarda, matan kuma su ɗauka ba su da komai. Lauyoyi sun sha bayyana cewa rubuta sunan mutum a wannan gurbi bai mayar da shi magaji shi kaɗai ba. Ga Musulmi, rabon gado yana da ƙa'idarsa: mata suna da ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in babu, su raba tsakaninsu in sun fi ɗaya. Rarrabe kuɗin da ya shiga gado da wanda hukuma ta keɓe wa wasu mutane, kamar tallafin karatun marayu, aikin alƙali ne da ofishin da ke biya. Gyara wannan takarda ba ya ɗaukar soja wuni guda, amma mutane da yawa kan ga kamar kiran mutuwa ne. Wannan camfi ya raba zumunci a gidaje masu yawa.

Sai kuma 'yan damfara, waɗanda su da gangan suke shuka ƙarya. Sukan buga waya su ce daga hedikwata suke, kuɗi sun fito, sai dai a turo wani abu na "buɗe fayil", ko a faɗi lambar sirri ta katin banki. Haƙƙi ba a sayensa, kuma babu ofishin gwamnati da ke buƙatar lambar sirrin mutum kafin ya zuba masa kuɗi. Abin lura shi ne, ƙwaƙwalwar da ta yi makonni ba barci, kotisol ya yi mata yawa, sashenta na auna al'amura yakan yi rauni. Wato damuwa tana buɗe wa ƙarya ƙofa, ƙarya kuma ta ƙara damuwa.

Magani

Ciwon firgici yana da magani, kuma ba hauka ba ne. A ƙa'idojin da ta fitar a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar jinya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, inda ake taimaka wa mutum ya tunkari abin da ya faru sannu a hankali, cikin aminci, har ƙwaƙwalwa ta yarda cewa ya wuce. Ta kuma yi gargaɗi a kan ba wanda bai daɗe da shiga tashin hankali ba ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam. Giya da tiramadol da makamantansu kan dusashe zafin na 'yan sa'o'i, sannan su ƙara ciwo na biyu a kan na farko. Tilasta wa mutum ya ba da labarin abin da ya gani tun bai shirya ba shi ma ba taimako ba ne. Addu'a da nasihar malamai suna sanyaya zuciya, kuma ba su hana zuwa asibiti. Idan kuwa mutum ya fara maganar kashe kansa, ko duka ya shigo gidan, to ba a jira. A kai maganar ga likita da shugabanninsa a ranar, musamman da yake mai riƙe da makami ne.

Wuraren zuwa akwai su, ko da yake ba su wadata ba. Sojoji da iyalansu suna da asibitocin bariki da manyan asibitocin soja irin su na 44 da ke Kaduna. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Jihar Sakkwato. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyaci da haƙƙinsa. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne kawai, ga jama'a fiye da miliyan 200.

Wannan ƙaranci ya sa dole a dubi waɗanda ke kusa. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda majinyata ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, maimakon a kulle su. Ya fahimci cewa iyali wani ɓangare ne na jinya. A Zimbabuwe kuma an horar da tsofaffin mata su riƙa zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa bisa wani tsari, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Barikin Nijeriya yana da irin wannan mace tun tuni, wato magajiya, shugabar matan bariki, wadda ke sulhunta rigima, take kuma isar da saƙo tsakanin mata da hukuma. Magajiyar da aka koya wa gane alamun ciwon firgici, aka kuma damƙa mata rubutaccen bayani cikin Hausa da sauran harsuna a kan abin da ya kamaci iyali, da takardun da ake nema, da ofishin da ake zuwa, da wa'adin zama a gidan bariki bayan rasuwa, za ta toshe jita-jita tun daga tushe. Kwamandan da ya fito da wuri ya ce "ga abin da aka sani, ga abin da ake kan bincike, za a sake bayani ranar kaza" shi ma ya rage duhun, ko da bai kawo labari mai daɗi ba.

Malamin makaranta yana cikin waɗannan na kusa, domin sau da yawa shi ke fara ganin alama. Yaron da ya saba ƙoƙari ya koma gyangyaɗi a aji, ko faɗa a filin wasa, ko yawan kukan ciwon ciki da ciwon kai, ko ƙaramin da ya koma fitsarin kwance a makarantar kwana, ba lalle ne lalaci ko iskanci ba. Kafin a ɗauko bulala, ya kamata a tambaya ina mahaifinsa yake aiki, kuma yaushe rabon da su ji muryarsa. Ɗalibin sakandare kuwa, a gidaje da yawa shi ne mai karanta wa mahaifiyarsa saƙon waya. In saƙo ya shigo a kan kuɗin mamaci ko na fansho, yana iya duba wa ya aiko shi, wace rana aka rubuta shi, su wa ya shafa, sannan ya raka ta ofishin kula da jin daɗin sojoji na bataliyar mahaifinsa su tambaya, su kuma nemi a rubuta musu amsar a takarda, da kwanan wata da sunan jami'in da ya ba da ita.